Mahauci a Dutsen da Ba a Yanka Saniya

Tun da na dawo daga yaƙin Boma ban gasa tsire cikin kwanciyar hankali ba. Mutum zai zo tukubata a kasuwar Babura, ba shi da niyyar sayen ko tsinke ɗaya, ya gyara zama a inuwata, ya ce, "Ilu, wai da gaske ne a ƙasar Hindu saniya ake yi wa sujada?" Kafin in buɗe baki wani ya cafe: "An ce matan can hannu shida gare su." In na ce ƙarya ne, a ce ina rowar labari. In na ce gaskiya ne, a ce soja ta koya mini ƙarya. To, abin da soja ta koya mini shi ne boko, ban kuwa san ranarsa ba sai yau. Ga labarin nan na rubuta sau ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa saura, ni a bar ni in fifita wutata.

Ba labarin yaƙi zan bayar ba. Mai son wannan ya tafi Roni wurin Saje Mamman, don shi ya ci yaƙin shi kaɗai, mu rakiya muka yi masa. Nawa labarin na yini ɗaya ne, ranar da aka kai mu kallon wani tsohon gidan bauta na 'yan Hindu a kan dutse, na hau da amanar da aka ba ni, na sauko babu ita.

Amanar nan mutum ne, Dikko sunansa. Bafulatani ne na wata ruga a ƙasar Gwiwa, ɗan farin wani dattijo da muke ce wa Baffa Jauro. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, Sarkin Fawa ne, kuma shekara da shekaru a hannun Baffa Jauro yake sayen shanu, har ciniki ya zama zumunci. Sai cutar bushiya ta shiga garkensu ta share shi, 'yan ragowar da ta ji kunyarsu jangali ya ƙarasa. Da aka zo neman samarin da za su shiga soja, Dikko ba shi da abin korawa, sai ya zama shi ne aka kora. Ni kuwa ba wanda ya tilasta ni. An ce mini a soja kullum nama ake ci, na ce ai an zo gidana. Ban tambaya ba ko na gwangwani ne.

Ranar da aka tara mu a Kazaure za a wuce da mu Kano, Baffa Jauro ya zo da sandarsa. Kun san Fulani da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a kallonsa, ba a nuna an san an haife shi. Tsohon ya wuce ɗansa kamar ya wuce kututture, ya zo gabana ya yi ta tambayar lafiyar mahaifina da ta kasuwa. Sai da ya juya zai tafi ya ce, idonsa a ƙasa, "Ɗan Sarkin Fawa, in ka ga wani abu namu ya ɓace a hanya, ka koro shi gida."

Na ce, "In Allah ya yarda, Baffa." A raina kuwa na ce duniya ta zo ƙarshe, tun da Bafulatani ya ba mahauci ajiya.

Hanya ba zan ja ta ba. Jirgin ƙasa ya kai mu Ikko, jirgin ruwa ya karɓe mu, muka yi ta amai har muka rasa abin amayarwa. Saje Mamman ya ce shi ba amai yake yi ba, kurkure baki yake yi. Da muka sauka ƙasar Hindu, abin da ya fara ruɗa mu ba giwa ba ce, ba maciji ba ne, alƙibla ce. Limamin bariki ya tara mu ya ce mun wuce Makka, ta koma bayanmu, saboda haka daga yau yamma za mu riƙa duba in za mu yi salla. Nan fa aka yi ta. Saje ya rantse ba zai ba gabas baya ba, kakansa bai yi ba, ubansa bai yi ba. Ya kwashe kwanaki yana sallarsa shi kaɗai, mu a sahu muna duban yamma shi yana duban gabas, ƙeya da ƙeya, har liman ya tambaye shi ko akwai wata Ka'aba a birnin Sin da bai sanar da jama'a ba. Sannan ya juyo, ya ce dama ilmin liman yake gwadawa.

Aka shiga daji aka yi abin da aka yi, Allah ya fito da masu sauran kwana. Aka dawo da mu wani bariki a kudancin ƙasar Hindu jiran jirgin gida. Masaukinmu tanti ne da gadon igiya, da kuɗin cizon da suka girme mu a aikin soja. Jira ya fi yaƙi cin rai. Kowa yana tsara abin da zai yi in ya koma, wannan aure, wancan keke, wancan zai buɗe teburin shayi. Dikko kaɗai ba ya tsara komai. Tun a daji maganarsa ta ragu, a barikin nan ta ƙare. Sai ya zauna bayan tanti yana feren sanda, in ya gama ya yar ya nemo wata. In na kai masa abinci ya ce ya gode, ƙudaje su ci. Gaskiya na tsorata. Mun tsallake harsashi da zazzaɓi tare, ga shi yana narkewa a hannuna alhali jirgi yana hanya.

Da Baturenmu ya ga mun fara dambe da junanmu saboda zaman banza, sai ya ce a ɗebi masu so a mota a kai su kallon dutse. Mu mutanen Kazaure da Roni za a kai kallon dutse! Kamar ka gayyaci masunci kallon ruwa. Amma na ja Dikko, na ce ko iska ya sha.

Direban motar Ba'indiye ne Musulmi, sunansa ya fi ƙarfin harshenmu, muka bar shi a Malam Direba. Turancin soja yake yi irin namu, wato rabi da baki rabi da hannu. Ban taɓa ganin wanda ya yi imani da ƙaddara kamarsa ba. Ba ya taka birki don mutum, ko amalanke, ko rami. Abu ɗaya ke tsayar da shi, saniya. Muna cikin gudu sai ga wata kwance tsakiyar titi tana tauna, motar Sarkin Ingila ta tsaya cik, cike da soja, har gimbiya ta ga dama ta miƙe. Na tambayi Malam Direba ina mai ita. Ya nuna sama. Na ce, ba mai ita, kuma ba wanda ya taɓa yi mata haka? Na ja yatsa a wuyana. Ya cafke hannuna ya danne, ya duba hagu da dama, ya ce in ina so in koma ƙasarmu da kaina a wuyana kada in kuma. Ni fa sai ƙwalla ta cika mini ido. Ƙasa guda cike da shanu, nama yana yawo a titi yana tsare mota, ba mai ce masa kanzil. A nan kuma na ga Dikko ya ɗaga kai, ya bi saniyar da kallo har kwana ta ɓoye ta.

Dutsen ya fi na Roni tsawo, wannan ko Saje bai musa ba, ya dai ce nasu ya fi kyan tsari. Can a ƙoli ginin yake, na baƙin dutse, an ce ya girmi kakannin kakannin masu gadinsa. A gindin dutsen akwai ƙofa, kuma duk iyakokin da na ƙetare a tafiyar nan ba wadda ta kai ta tsanani. Ba takarda suke tambaya ba, fata suke nema. Duk abin da aka yi da fatar dabba ba ya hawa, ko takalmi, ko ɗamara, ko kube. Cire takalmi bai dame mu ba, a masallaci muna cirewa, a gaban hakimi ma har da rawar jiki. Amma da mai gadi ya nuna wuyan Saje Mamman sai magana ta sake.

Layun Saje da gurayensa za su cika ƙwarya. Akwai na bindiga, akwai na ƙarfe, akwai na maciji, akwai ta farin jini wurin Bature, duka a ɗinke cikin jar fata.

Ya ce, "Waɗannan su suka fito da ni daga Boma. Ba a haifi wanda zai raba ni da su ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai na ɗauka jarumtarka ce ta fito da kai."

Ya ce in na ƙara magana zan yi gwale-gwale har jirgi ya zo. Sai ya zauna gadin takalma, ya ce dama shugaba na ƙwarai shi ke tsare baya. Ni na tura wuƙata da 'yar layar da uwata ta ba ni cikin takalmi. Dikko ba shi da abin cirewa sai takalmi, sandarsa kawai ya riƙe.

Matakala ce aka sassaƙa a jikin dutsen, ƙafafun mutane sun cinye ta har ta lotsa a tsakiya, rana kuma ta gasa ta kamar tukubata. Mu da muka daɗe cikin takalmin soja tafin ƙafarmu ya koma na amarya. Muna ta tsalle kamar fara a kasko, tsofaffin mata suna wuce mu da jikoki a kafaɗa da kwakwa a hannu, suna waƙa abinsu. Wata ta tsaya ta dubi jarumin Boma yana hura ƙafa, ta girgiza kai irin girgizawarsu da ba ka sanin i ce ko a'a, ta miƙo mini ayaba. Ban kai ta baki ba biri ya karɓa. Biran nan su ne dogaran wurin. Ba sa noma, ba sa roƙo, ba mai wucewa bai ba da gaisuwa ba, kuma ba a dukansu.

A tsakiyar hanya muka iske rumfar wanzamai. Maza da mata da yara a jere ana yi musu ƙwal-kwabo, gashi ya taru tsibi guda. Malam Direba ya ce duk wanda ya yi alkawari, in ɗansa ya warke ko ruwa ya sauka, sai ya hawo ya ba da gashinsa. Wani ɗan Yankwashi a cikinmu, da ya ji aski kyauta ne, har ya tsuguna ya miƙa ƙeya, sai da aka fizge shi. Bahaushe da kyauta! Na yi ta dariya ina cewa dubi mutane da hankalinsu. Sai na tuna gwaggota da ke kai baƙar kaza gindin tsamiya duk shekarar da damina ta yi jinkiri, ta dawo ta ɗaura alwala. Laifi tudu ne. Na ja bakina na ci gaba da hawa.

A sama ƙararrawa ce ke tashi, ga turare, ga ganguna, ga wata algaita irin tamu sai dai ta fi tsawo. Bangon ginin ba tafin hannu guda da ba a sassaƙa wani abu ba, giwaye, mayaƙa, masu rawa. Ku masu tambayar mata masu hannu shida, a nan na gan su. Na dutse ne, kuma ko su ban ga suna daka ba. Ciki ba mu shiga ba. Wani malaminsu mai zare a kafaɗa da toka a goshi ya tare mu da murmushi ya nuna mana iyakarmu. Ban ji haushi ba, don in shi ya zo masallacin Juma'armu ba a sahun gaba za a shimfiɗa masa tabarma ba. Daga bakin ƙofa na hango duhu da 'yan fitilu, da mutane sun haɗa tafukan hannu, da wata mata rungume da jariri mai sabon aski tana kuka. Sujada ga saniya ban gani ba. Kukan nan dai na gane shi ba sai da tafinta ba.

Da rana ta take aka kira kowa cin abinci. Malam Direba ya ce sadaka ce ta matafiya, shi ma yana ci. Aka zaunar da mu a ƙasa, aka shimfiɗa wa kowa ganyen ayaba a madadin akushi, aka zuba shinkafa, aka kwarara mata ruwan tsamiya da barkono da wani wake-wake. Na yi ta tonon shinkafar nan ina neman tsoka, ko ƙashi, ko ƙamshin wanda ya taɓa wucewa ta kusa da nama. Babu. Barkonon kuwa, ni da nake taƙama da yajin tsirena, hawaye da majina suka haɗu a haɓata. Daga ƙarshe aka zagayo da kindirmo mai kauri. Dikko ya sa yatsa ya ɗanɗana, ya rufe ido. Ya shanye nasa, ya jawo nawa ya shanye, sannan ya yi magana mafi tsawo da na ji a bakinsa tun daji.

Ya ce, "Madarar jiya ce. Shanun ba su da nisa."

A farfajiyar ginin akwai wani farin bijimi, an rataya masa furanni, an shafa wa ƙahonsa ja, tozonsa kamar tulu. Kowa ya zo wucewa sai ya taɓa shi ya shafa a goshi. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura. Na matsa. Wallahi da niyyar girmamawa na miƙa hannu, amma sabo turken wawa ne. Hannun nan ya san aikinsa tun ina yaro. Ya matsa tozo, ya gangara haƙarƙari, ya tsunkuli gindin wutsiya, ya kamo ƙirji ya auna kitse. Ban ankara ba bakina ya shiga rabo, nan balangu, nan kilishi, nan na Sarkin Fawa, har ina zana da yatsa inda wuƙa za ta bi ina lasar leɓe.

Ashe sana'a ma ba ta bukatar tafinta. Wata tsohuwa ta tsaya ta karance ni tsaf, ta kurma ihu, ta rafka mini kwakwa a ƙeya. Kwakwar da ta hawo da ita tun daga ƙasa don ta fasa a ƙofar ɗakin bauta, a kaina ta fashe, ban sani ba ko an karɓi ibadar. Jama'a suka taso mini. Malam Direba yana ta bayani, ranar shi ma hannu shida ya yi. Hayaniyar ta firgita bijimin, ya fara huci, ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa, ga yara a gabansa.

Sai na ji wani sauti da rabona da shi tun Gwiwa. Dikko ne yake kaɗa harshe, yana yi wa bijimin magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Ta ɗaya ɓangaren kuma wani tsoho baƙi siriri ya taho da igiya, shi ma yana kaɗa nasa harshen. Suka haɗu a wuyan bijimin, wannan yana sosa nan, wancan yana sosa can, har ya sauke numfashi. Suka dubi juna. Tsohon ya ja igiya ya yi gaba, Dikko ya bi shi kamar tun asali tare suka zo. Jama'a suka bi su da kallo, ni kuma na samu na sulale ina tsiyayar ruwan kwakwa.

A bayan ginin na same su, wajen katanga, inda dutsen ya gangara. Garke ne sosai, farare masu tozo kamar bunajinmu, har da tsofaffin da in a Babura ne tuni sun zama ganda. Tsohon nan shi ne makiyayinsu, in ya tsaya ya gicciya sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa, sai ka rantse daga rugar Baffa Jauro ya fito. Shi da Dikko suna tsugune suna cire wa wata karsana kaska, wannan yana yarensa, wancan yana nasa, kowa yana gyaɗa wa ɗan'uwansa kai. Dikko yana dariya. Na ma manta yana da wushirya. Na ji daɗi har cikin raina, na ce amanata ta warke, ban san nawa ciwon ne ya fara ba. Muka yi alwala a wani kwatami, muka yi salla a gefen garken muna duban yamma. Ba wanda ya hana mu, tsohon ma har ya kore mana maraƙi daga gaba.

Da rana ta karkata aka busa usur daga ƙasa. Na ce, "Dikko, tashi, mota."

Ya ce, "Je ka, Kaɗo."

"Je ka kamar yaya? Jirgi yana hanya."

"In koma in yi me? Kai wuƙarka tana jiranka. Ni turke ne ke jirana, ba igiya ba saniya. In je in zauna gaban tsoho, shi ba ya kallona, ni ba na kallonsa, mu biyu muna kallon inda garke yake a da?"

Na ce, "Ai za a sallame mu da ɗan abin hannu. Ka sayi karsana."

"In saya in raina, bushiya ta ɗauki rabi, jangali ya ɗauki rabi, abin da ya rage in kawo maka ka yanka." Ya yi murmushi. "Nan ba mai ƙirga su, ba mai yanka su. Saniya tana tsufa har ta mutu don kanta."

"Addininka fa?"

"Da wa ka yi salla yanzu? Kiwo zan yi musu, ba bauta ba."

"Ko yarensu ba ka ji!"

"Ina jin na shanun."

Na zage shi, na roƙe shi, na ce soja za su rubuta shi cikin masu gudu, in aka kama shi sai kurkuku. Na kama hannunsa na ja. Na taɓa kayar da bijimi ni kaɗai, amma Bafulatanin da ya ga shanu ban iya ɗaga shi ba. Da dabara ta ƙare sai na gaya masa abin da mahaifinsa ya ce mini a Kazaure. Ya saki kunnen karsanar. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Shi ya faɗi haka?"

"Da bakinsa."

Dikko ya juya ya dubi garken. Usur ya sake tashi. Sannan ya ce, "Ka ce masa ka ga abin. Bai ɓace ba, kiwo yake."

Na sauko ina kuka, ba zan ɓoye muku ba. A hanya na ci karo da tsohuwar nan mai kwakwa. Ta ga hawayena ta ɗauka nadama ce, ta dafa kaina inda ya kumbura, ta ba ni ɓarin kwakwar in ci.

A ƙasa na tarar da Saje yana jifan bishiya da takalmin wani. Biri ya fizge layar farin jini wurin Bature, yana can sama ya rataya ta. Na gaya masa abin da ya faru. Ya ce yanzu zai hau ya jawo yaron da kunne. Ya tasam ma ƙofa, mai gadi ya nuna wuyansa. Saje ya dubi layu, ya dubi dutse, ya ce doka ba ta ba shi izinin barin takalman gwamnati ba kowa ba. Washegari aka tura 'yan sandan soja, suka tarar an kora garke kiwo can bayan duwatsu, kuma duk wanda suka tambaya sai ya girgiza musu kai irin girgizawar nan. Bature ba ya son rigima da masu gidan bauta. Jirgi kuwa ba ya jiran Bafulatani.

Da na iso Babura aka yi guɗa, aka yi mini gaisuwar mahaifina da ya rasu ina can. Ban huta ba na kama hanyar Gwiwa, ƙafa tana gaba zuciya tana baya. Rugar tana nan, turaku a kafe ba komai a jikinsu, sai 'yan awaki. Baffa Jauro yana zaune a kan buzu. Na durƙusa muka gaisa. Ya yi mini ta'aziyya, ya tambayi hanya, ya tambayi ruwan teku, ya tambayi lafiyar Bature. Ko sau ɗaya bai dubi bayana ba, ko da yake na san tun daga nesa ya ga mutum ɗaya ne ke tafe.

Na ce, "Baffa, abin da ka ce in koro, na gan shi. Ya ce in gaya maka bai ɓace ba, kiwo yake." Na kwashe labarin duka na gaya masa, ban rage ko kwakwar ba.

Ya daɗe yana zanen ƙasa da bakin sanda. Can ya ce, "Shanun wane iri ne?"

"Farare, Baffa, masu tozo, kamar bunaji."

"Akwai ciyawa?"

"Akwai, ga ruwa."

"Jangali fa?"

"Babu."

"Mahauta?"

"Ko ɗaya."

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Kai dai ka sha wuya a garin nan."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Daga cikin bukka na ji kukan mace ana danne shi da zane. Tsohon bai waiwaya ba. La'asar ta yi, ya ɗauki buta ya yi alwala, ya miƙo mini, ya karkaɗe buzunsa ya shimfiɗa ya dubi gabas. Har ya ɗaga hannu zai yi kabbara, sai ya ce, kamar da iska yake magana, "Mutanen da ke can, suna salla?"

Na ce, "Tare muka yi ta ƙarshe, Baffa, a gefen garken. Sai dai su can yamma suke duba, don Makka tana tsakaninmu da su."

Ya sauke hannuwansa. "Yamma?"

"Yamma, Baffa."

"Wato nan."

"Nan."

Ya tsaya yana duban gabas. Ya ce, "Ashe ba baya ya ba mu ba."

Ya yi kabbara, na bi shi. Ni da na saba idar da la'asar kafin tsire ya nemi juyi, ranar nan sai da ƙafafuna suka yi tsami tsohon bai yi ruku'u ba.